Amanar da Ɗantani Ya Bar Mini

Ɗantani baduku ya rasu ranar Laraba da hantsi, yana da shekara arba'in da shida. Ni ne Saminu mai guga, shagona yana manne da nasa a lungunmu na gindin Dala. Shekara goma sha tara langa-langa ɗaya ce ta raba mu, ko tari ya yi ina ji. Kafin shago kuwa, benci ɗaya muka zauna a firamare, kuma tare muka bar karatu, shi ya tafi wajen fata, ni na tafi wajen gawayi da dutsen guga. Ban taɓa yin wani aboki kamarsa ba, kuma na san ba zan ƙara yi ba.

Gajere ne, mai manyan hannuwa. Yatsunsa kullum ja ne saboda rinin fata, ko ranar Sallah ba sa fita. Yana ɗinka takalma da jakunkuna da gafakar Alƙur'ani. Ba ya da yawan magana da mutane, amma da dabbobi ba ya gajiya. Akwai wani fasasshen kasko da yake cika wa ruwa a ƙofar shago kowace safiya. Idan akuyar maƙwabta ta zo sha, sai ka ji shi yana cewa, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya yara?" Mutanen majalisarmu suna yi masa dariya, shi ma ya taya su.

Matarsa Baraka ba ta taɓa haihuwa ba. Da suka shekara takwas da aure, mijin yayarsa Zuwaira ya rasu a hatsarin mota ya bar mata 'ya'ya biyar, sai ta ɗauki na ukunsu ta ba Ɗantani riƙo. Sunansa Musbahu, shekararsa shida. Ina tuna ranar. Ya shigo shagona da yaron a kafaɗa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Saminu, na haihu."

Na ce, "Ba naƙuda ba wanka? Kai ka ji daɗi."

Daga ranar nan abu ɗaya ne ya cika kan Ɗantani, wato yaron nan ya tashi mutumin kirki, kada a ce an ba shi ɗa ya lalace a hannunsa. Duk abin da zan faɗa a nan, daga wannan ya taso.

Dukanmu mun harbi ƙadangare da danƙo muna yara, har da ni. Amma Musbahu ba ya harbi. Tarko yake yi da zare ya kama shi da rai, ya samo katako da ƙananan ƙusoshi daga shagon kawunsa, ya kafe ƙafafuwan huɗu, ya ajiye a rana, ya tsuguna yana kallo. Yakan yi awa guda a tsugune. Ba ya dariya, ba ya ihu irin na yara. Wata rana muna zaune a majalisa muka hango shi, wani ya ce, "Kai, wannan yaron soja za a yi." Wani ya ce, "Ɗa namiji ke nan, ba irin namu masu gudun kyankyaso ba." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Ɗantani ne kaɗai ya tashi, ya zare ƙusoshin, ya kama hannun yaron suka shiga gida.

Musbahu yana ɗan shekara goma sha ɗaya, Ɗantani ya fara koya masa ɗinki. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, cikin wata biyu ya iya jera ɗinki ƙanana kamar na babba. Ɗantani har yawo yake da takalmin farko da yaron ya ɗinka yana nuna wa mutane. A cikin watannin nan ne wata tattabara ta faɗo tsakiyar lungu da la'asar, tana tashi tana bugun bango, tana faɗowa, tana sake tashi. Ɗantani ya ɗauke ta. Sai ya ga an ɗinke mata fatar idanu duka biyu da baƙin zare. Ya daɗe yana duban ɗinkin. Ba sai an faɗa masa ba, ɗinkin da ya koyar ne.

Ranar ce ya fara dukan Musbahu, kuma ita ce ta ƙarshe. Ina jiyo saukar bulala ta cikin langa-langa, amma ban ji kukan yaro ba. Sai muryar Ɗantani tana rawa.

"Me ta yi maka? Faɗa mini, me ta yi maka?"

"Ba komai, Kawu."

"To don me?"

"So nake in ga ko za ta gane gida."

Bayan nan Ɗantani ya shigo shagona ya zauna a kan ɗaurin kayan wanki, ya rufe fuska da jajayen hannuwan nan nasa. Wanda aka doka bai yi kuka ba, wanda ya yi dukan ne ya yi. Na ce masa ƙuruciya ce, zai daina. Abin da kowa ke faɗa ke nan, ni ma shi na faɗa.

Bai daina ba. Yana shekara goma sha huɗu ya ɗaure kwaɗon ƙofa a bakin igiya ya fasa wa wani ɗan ajinsu baki, haƙora uku suka zube. Makaranta ta kore shi. Uban yaron ya ce sai ya kai maganar wajen 'yan sanda. Ɗantani ya saka babbar rigarsa, ya ja ni muka je, ya durƙusa a zauren mutumin nan da bai girme shi ba, yana ta ba da haƙuri har aka haƙura. A hanyar dawowa ya ce mini, "Saminu, in yaron nan ya taka gidan yari sau ɗaya, ya tafi ke nan. Can ne zai gama karatun. Muddin ina numfashi ba zai shiga ba."

A unguwarmu an daɗe da yarda cewa yaro mai zafin zuciya, idan aka sa shi farauta, daji zai sauke masa zafin. Ɗantani ya yarda da wannan fiye da kowa, don shi ma ya yi farauta yana saurayi, a ƙarƙashin wani dattijo, Baffa Salihu, wanda a lokacin shi ne shugaban mafarautan unguwa. Yakan ba ni labarin dokokin Baffa. Ba a sakin kare sai da bisimilla. Abin da aka kama a yanka shi nan take, kada ya wahala. Ba a taɓa dabba mai ciki. Wanda ya zare wuƙa a kan ɗan'uwansa, ya bar fita har abada. Sai Ɗantani ya ga kamar ya samo magani. Ya ce yaron da ke son ganin jini, gara a kai shi inda jini ke da doka.

Tare muka je zauren Baffa Salihu. Tsohon yana kishingiɗe a buzu, ƙafafunsa sun kumbura. Ya saurari Ɗantani har ya gama.

Ya ce, "Ɗantani, rabona da daji shekara bakwai. Gwiwa ta zaunar da ni. Farautar da ka sani ba ita ake yi yanzu ba."

"Baffa, ai daji bai canza ba."

"Daji yana nan. Masu shigarsa ne wasu. Yaran yanzu ƙwaya suke haɗiya tun a mota. Rabinsu ba zomo ya kai su ba, 'yan wata unguwar suke nema."

"In ka sa baki za su kula da shi. Sunanka yana da nauyi."

Baffa ya yi murmushi ya ce, "Sunana? Jiya ɗayansu ya wuce ni a ƙofar gida ko sannu." Amma Ɗantani ya nace, ya yi ta roƙo, har tsohon ya gaji ya sa aka ɗauko wani jan kwikwiyo daga bayan gida ya ba shi. Ya ce, "Ga shi nan. Allah ya sa ni ne ban gane ba."

Musbahu ya sa wa karen suna Gagarau. Mafarauta sukan yanke wa kwikwiyo bakin kunne don kada ƙaya ko abin daji ya kama shi. Da sabuwar reza ake yi, shafa ɗaya, a barbaɗa toka, an gama. Musbahu ya jira ranar da kawunsa ya tafi sarin fata, ya ɗauko tsohuwar wuƙar da ta dakushe, ya zauna a bayan shago. Tun ina jin kukan ina cewa yanzu za a gama, har na gama guge riguna huɗu ba a gama ba. Da na leƙa, kunnuwan nan babu su, har gindinsu. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Baba Saminu, sannu da aiki." Na koma shagona. Wannan ma ina lissafa shi cikin abin da zan amsa a gaban Allah.

Ɗantani ne ya yi jinyar karen. Ya kafa masa inuwa da tsohon kwano a bayan shago, yana ajiye masa ɗumame da ƙashi. In ya gama sai ya wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, sannan ya yi alwala. Karen ya girma dogo, mai gudu, amma ba shi da mugunta ko kaɗan. Abokan Musbahu suka ce sai an ɗanɗana masa jini. Yadda suke yi shi ne su karya wa wata dabba ƙafafun baya su jefa wa kare, don ta kasa gudu. Suka kama kyanwar 'Yardada, tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin lungu, kyanwar da take kwana a ƙafafunta. Musbahu ne ya karya ta a gwiwarsa kamar kara. Suka kewaye, suna tafi suna zuga kare. Gagarau ya matso ya shinshina ta, ya koma gefe ya kwanta. Sai suka ƙarasa ta da duwatsu, da rana tsaka, tsohuwar tana tsaye da matsami a hannu tana cewa, "Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan nan." Ɗaya daga cikinsu ya kwaikwayi muryarta, sauran suka fashe da dariya.

Shekara uku Musbahu yana fita. Duk Asabar ɗin rani manyan motoci biyu sukan tsaya a bakin titi, a cika su da samari da karnuka da ganguna, kowa da gora ko adda. Da yamma su dawo, wasu da raunukan da ba dabba ce ta yi su ba. A shekara ta biyu Musbahu ya tsaga wa wani yaron wata unguwa kunci, daga kunne har baki, a kan zomo ɗaya. Ɗantani ya sake saka babbar riga. A shekara ta uku Musbahu ya ture Baraka ta faɗi a kan murhu don ta ce ya rage dare, hannunta ya ƙone. Ɗantani ya ce wa mutane tsautsayi ne. Ya daina ɗinka kube gaba ɗaya, ko wa ya kawo wuƙa sai ya ce ba ya yi. Ya rame. Na ce masa, "Ka mayar da shi wajen uwarsa, ko ka bari hukuma ta riƙe shi ko wata uku ne." Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Kai da kake da 'ya'ya shida kana iya faɗar haka. Ni shi ke nan gare ni."

Samarin nan suna da wata doka tasu wadda Baffa Salihu bai san da ita ba. Karen da ya juya wa abin farauta baya, ba ya hawa mota ya dawo gari. A wata Asabar, a wani daji can yamma da gari, karnuka suka rutsa dila, Gagarau yana kan gaba. Da dilan ya juyo ya buɗe baki, sai ya ja da baya ya ɓuya a bayan ƙafafun Musbahu, a gaban mutum sama da hamsin. Musbahu ya ɗaure shi a jikin bishiya, ya sare shi da adda a cinya, suka taho suka bar shi. Duk da haka ba su ƙyale Musbahu ba. Tun daga daji har gari makaɗa suna kiɗa ana amsawa, ana kiransa mai karen 'yan mata. Da kunnena na ji lokacin da motar ta tsaya.

Ranar Alhamis da safe, kwana biyar bayan nan, Ɗantani ya zo buɗe shago ya tarar da karen kwance a ƙofa. Ya cinye igiyar, guntunta na rataye a wuyansa. Ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje, tafin ƙafafunsa sun fashe, cinyar ta buɗe ƙudaje sun cika ta. Da ƙafa uku ya yi tafiyar da mota ke yi a awa biyu. Da ya ga Ɗantani sai ya kaɗa wutsiya.

Ɗantani ya kira ni. Ya ce, "Riƙe mini kansa." Ban taɓa taɓa kare da hannuna ba sai ranar. Ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya ɗauko allura da zaren da yake ɗinka gafaka, ya ɗinke cinyar a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa. "Yi haƙuri, Malam. Saura kaɗan. Kai da ka iso daga can, wannan ai ba komai ba ne." Ya shimfiɗa masa buhu a cikin shago, bayan tarin fatu, inda ba a gani daga waje.

Amma lungu ba ya ɓoye abu. Kafin Asabar labari ya kai majalisar samarin. Dawowar karen ta fi gudunsa zama abin kunya a wajensu. Suka ce Musbahu ko kashe kare bai iya ba. Suka ce in bai ƙarasa shi a gabansu ba, kada ya ƙara hawa motarsu.

Ranar Lahadi da hantsi ina fifita gawayi suka shigo lungu su huɗu. Musbahu yana gaba, shekararsa goma sha takwas, ya fi kawunsa tsawo da kai guda. Yana riƙe da gora mai zoben ƙarfe a kai. Ɗantani ya ajiye takalmin da yake ɗinki, ya tashi ya tsaya a ƙofar shago.

Musbahu ya ce, "Kawu, ina kwana. Karena na zo ɗauka."

"Lafiya lau. Ba ka da kare a nan. Naka ka bar shi a daji. Wannan ni ya zo wa."

"Kawu, matsa."

"Zo mu shiga gida mu yi magana, ni da kai. Ka sallami abokanka."

Ɗaya daga cikin samarin, wani mai jan ido, ya ce, "Kai, ashe gado ne. Kare ya ji tsoron dila, mai kare yana tsoron baduku."

Wani ya ce, "Ƙyale shi ya shiga, Anti Baraka ta dama masa koko."

Suka yi dariya. Ɗantani bai ko dube su ba. Ya miƙa hannu zai dafa kafaɗar yaron, ya ce, "Musbahu, ɗana, dube ni. Ba sai ka..."

Bai ƙarasa ba. Gorar ta same shi a gefen kai, sama da kunne. Ya durƙusa a kan gwiwa, hannunsa yana miƙe har lokacin. Na ga fuskar Musbahu sarai, tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Babu fushi a cikinta. Ya ɗan karkata kai yana duban kawunsa, ya gyara tsayuwa, ya ƙara masa ta biyu a ƙeya.

Ina riƙe da dutsen guga cike da wuta. Ban jefa ba, ban yi ihu ba. Suka tsallake Ɗantani suka jawo karen waje ta ƙafar da aka ɗinke. Ba zan rubuta abin da suka yi masa ba. Sun daɗe, kuma da farke ɗinkin suka fara. Ƙofofin lungu duk a rufe, amma na san akwai ido a bayan kowace. Da suka gama, mai jan idon ya dafa Musbahu ya ce, "Yanzu ka zama namiji." Suka fita suna hira.

Sai a lokacin na iya motsi. Na fita titi da gudu na tare wani mai adaidaita sahu ɗan unguwarmu, Lawal, magidanci mai 'ya'ya uku. Muka ɗauki Ɗantani, kansa a cinyata, jini yana fita ta kunnensa. A hanya yana ta kiran sunan Musbahu. Lawal ya waiwayo ya ce, "Shi ne ya yi masa?" Na sunkuyar da kai, ya gane.

Kwana uku ya yi a asibiti. Ranar Talata ya farfaɗo, Baraka ta fita ɗebo ruwa, ya kama hannuna. Bakinsa ya karkace, da ƙyar nake gane maganar.

"'Yan sanda sun zo?"

"Sun zo. Sun ce za su dawo."

"Ka ce ba ka gani ba. Ka ce wasu ne, baƙi."

"Ɗantani, kashe ka ya so yi."

"Ni na kai shi. Baffa ya faɗa mini, na ƙi ji. Laifina ne. In suka kama shi rataye shi za su yi, ko ya tsufa a can. Saminu, amana. Ka rantse."

Ya matse hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, hawaye yana gangarowa ta ido ɗaya. Wannan mutum bai taɓa roƙona komai ba tun muna yara. Na rantse. Sannan ya ce, "Karen fa?" Na ce yana nan yana samun sauƙi. Ya lumshe ido. Washegari da hantsi ya cika.

Da 'yan sanda suka tambaye ni, na ce ina sunkuye a kan guga, sai ƙara na ji. Suka bi gida-gida, kowa ya ce ba ya nan. Aka rubuta cewa wasu ɓata-gari ne da ba a san su ba.

Musbahu ya zo jana'iza. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. A zaman makoki ya zauna a tabarmar gaba cikin farar riga, a matsayin ɗan mamaci, mutanen da suka san komai suna miƙa masa hannu suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa." Yana amsawa da "Amin, na gode." Aka kawo abinci ya ci ya ƙoshi. Da na zo wucewa ya ce, "Baba Saminu, sai haƙuri. Na san yadda kuke."

Na riƙe amanar kwana arba'in da shida. Ina buɗe shago ina rufewa, shagon da ke gefena da kwaɗo. Musbahu yana wucewa ta gabana kullum yana gaishe ni.

Lawal kuwa bai rantse wa kowa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya faɗa a wajen mai shayi, ya faɗa a tasharsu, cewa shi da kunnensa ya ji sunan da mamacin yake kira, kuma unguwar da ta rufe baki a kan wannan ba unguwa ba ce. Aka ja masa kunne, ya ce shi ba ya tsoron yaron da aka haifa a gabansa. Wata Talata bayan azahar, Musbahu ya tare shi kamar fasinja, ya ce ya kai shi wajen Ƙofar Nassarawa. A wani lungu ya ce ya tsaya. Ya kama hannun damansa ya ɗora a kan ƙarfen keken, ya sare da adda. Yatsu huɗu suka tafi. Lawal ya ce abin da ba zai manta ba shi ne, bayan saran yaron bai gudu ba. Ya tsaya yana kallon hannun.

Na je duba shi. Matarsa tana zaune a ƙasa da jariri a baya. Lawal ya ɗaga dunƙulen bandejin ya ce, "Malam Saminu, kai ka gani da idonka, ni ji kawai na yi. Ga abin da ji ya jawo mini. Da me zan riƙe kan keke yanzu?"

Daga asibitin ban koma gida ba. Na wuce gidan mai unguwa na ce ya raka ni ofishin 'yan sanda. Na faɗi komai, tun daga gora ta farko har sunayen sauran ukun, na faɗi cewa na yi ƙarya a karon farko, na dangwala hannu. Bayan kwana biyu aka kama Musbahu a bakin titi yana cin rake. Yanzu wata bakwai ke nan yana gidan yari yana jiran shari'a. An ce laifin kisa ne, kuma ni ne babban mai shaida.

Yaya Zuwaira ta zo shagona sau ɗaya. Ta tsaya a waje, ba ta yi sallama ba. Ashe Ɗantani ya faɗa wa Baraka rantsuwar da na yi, ita kuma ta faɗa mata.

Ta ce, "Saminu, ƙanena ya mutu yana roƙonka abu ɗaya. Na rasa shi, yanzu ka sa zan rasa ɗana. Ka ci amanar matacce."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ta jira in ƙara wani abu. Ta juya ta tafi, kuma tun ranar ko a hanya muka haɗu sai ta sauya gefe.

Na yi azumi uku na kaffarar rantsuwa. Malamin da na tambaya ya ce ba ni da laifi, rantsuwar ce tun farko ba ta halatta ba. Na ji, amma ba malam ne ya riƙe hannun nan a asibiti ba. Ɗantani, abokina, shekara goma sha biyu ka yi kana tare ƙofar gidan yari da jikinka don kada yaron nan ya shiga, har ka mutu a kan haka, ni kuma da ka fi yarda da ni na buɗe ta na tura shi. Da na faɗa tun ranar farko, da Lawal yana da hannunsa. Da na yi shiru har yau, da ban san wa zai biyo bayan Lawal ba. Ranar Litinin mai zuwa za a kira ni kotu, zan tsaya a gaban ɗanka in nuna shi da yatsa. Zan yi. Ka yafe mini. Allah ya yi maka irin tausayin da ka yi wa bayinsa, masu magana da marasa magana, ya sanyaya maka makwanci.